Alƙiblata Tana Kallon Titi

Shekarar da aka mai da tuƙin mota daga hannun hagu zuwa hannun dama, a cikinta Allah ya karɓi 'yata ta fari. Gab da saukar damina ne. Ɗinki nake yi a lokacin, a wani ɗan shago bakin titin da ya fito daga tashar jirgi ya nufi kasuwar Kafanchan, gidana kuma yana bayan shagon. An daɗe ana gargaɗi a rediyo, an lilliƙa takardu a jikin motoci, amma direbobi sun shekara da shekaru suna bin hagu, hannuwansu ba su saba ba tukuna.

Uwarta ce ta aike ta niƙa. Ta dawo da kwano a ka, ta tsaya gefen titi tana jira a ba ta hanya. Wata babbar mota ta taho da lodin citta daga Kwoi, mai keke ya ɓullo a gabanta, direban ya firgita ya karya hagu kamar yadda ya saba a da. Nan yarinyar take tsaye. Ina cikin ɗinki na ji ƙarar birki. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta.

Direban mutumin Madakiya ne, Kirista, bai kai ni shekaru ba. Aka tsare shi, daga baya alƙali ya ce kuskure ne ba ganganci ba, aka sake shi. Mahaifinsa ya zo da dattawan ƙauyensu, da akuya da kwandon acca, suka durƙusa a ƙofar gidana suna neman gafara. Matata tana kuka ta aiko cewa ta yafe. Ni na amsa gaisuwarsu, na ce su koma da kayansu. Kalmar yafewa ta ƙi fitowa daga bakina.

Abin da ya fi ci mini rai, alƙiblar shagona titin take kallo, haka ta tsakar gidana. In na ta da kabbara, wurin nan ne a gabana. Sai in sallame ban san surar da na karanta ba. Wuridin da nake ja tun ina saurayi ya zama motsin baki kawai, carbi yana tafiya, zuciyata tana can ta shaƙe wuyan direba. Kowace babbar mota ta wuce sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Na fara tsoron in mutu a haka, ba salla ba natsuwa.

Na yanke cewa garin ne matsalar. Na bar matata wurin yayata, na tafi rugar wani Bafulatani abokina, gaba da Fadan Kagoma, ya ba ni bukka in kaɗaita. Can ba mota, ba jirgi, sai kukan shanu da ruwan sama a kan ciyawa. Ashe a gari hayaniya ce take ɗan rufe mini ƙarar birkin nan. A daji babu abin da zai rufe ta, sai ta yini a kunnena. Na rame har abokin nawa ya fara yi mini magana. Kafin a yanke gero na ɗaure buzuna na dawo.

Na je gai da tsohon malamina, wanda ya koya mini riƙon alƙalami. Idanunsa sun riga sun tafi, da murya yake gane mutane.

Ya ce, "Mai halwa ya dawo? Me ka samo mana ban da cizon sauro?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zan sayar da keken ɗinkin in koma Zariya."

"Zariya ba motoci, ko?"

Ya laluba ya kama hannuna, ya zare carbin da ke wuyan hannun ya tura ƙarƙashin buzunsa.

Ya ce, "Wannan ya zauna wurina. Kullum in ka yi la'asar ka rufe keke, ka zauna a ƙofar shago, fuskarka gabas. Kada ka rufe ido. Mota ta wuce, ka ja numfashi, ka sake shi da la'ilaha illallahu, sau ɗaya. Wata ta wuce, ka sake. Motocin su ne carbinka yanzu."

"In kuma fushi ya taso, Malam?"

"Ya taso. Ai ba shi aka ce ka ƙirga ba."

Na bi umarninsa. Ranar farko na ga abin da ban sani ba, domin ina daji ya fara. A kan kwalbatin da ke tsallaken titi, daidai inda yarinyar ta faɗi, direban nan ne zaune, kansa a sunkuye, leɓɓansa suna motsi. Maƙwabta suka ce kullum da yamma yana zuwa. Tun da aka sake shi bai ƙara hawa mota ba, dako yake yi a tashar jirgi.

Haka muka ci gaba, shi a can, ni a nan, motoci suna ratsa tsakaninmu. Da farko azaba ce. Kalmar tana fita da ƙyar, wani lokaci hawaye ya riga ta. Na sha miƙewa in shige gida, washegari in dawo saboda kunyar tsohon nan. Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai lura wata yamma cewa babbar mota ta taka birki a gabana, kalmar ta fito da kanta, ba da ƙyar ba. Baƙin cikin bai tafi ba, har yau da nake rubuta wannan yana nan. Amma ya kwanta, kamar laka a gindin randa, ruwan sama-sama ya zama na sha. Sallata ta dawo mini kaɗan-kaɗan.

Da aka shiga lokacin haƙar citta, motoci suka yawaita. Wata yamma na ɗaga kai na dubi mutumin da kyau. Ya fi ni ramewa. Na nemi fushin nan a ƙirjina, na tarar bai da ƙarfin da zai hana ni magana.

Na ce, "Kai, bawan Allah! Kullum sai ka zo ka tare mini alƙibla? Tsallako."

Ya tsallako, ya cire hula, ya tsuguna nesa da buzuna.

"Me kake yi a can?"

Ya ce, cikin irin Hausarsu, "Addu'a, Malam. A coci na kasa, a gida na kasa. Nan kawai nake iya zama. Fasto ya ce Ubangiji ya gafarta mini. Na ce masa, yarinya ba naka ba ne, na Malam ne. In na rufe ido ina ganin shi tsaye."

"Motar fa?"

"Hannuna ba zai taɓa sitiyari ba sai ka ce."

"Kana da yara?"

"Uku, Malam."

"Da dako za ka ci da su? Kai da buhun gishiri ma zai iya kayar da kai?"

Ya yi kamar zai yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa. Na bar shi ya yi. Wata mota ta wuce, na ja numfashi, na sake shi da kalmar. Sannan na miƙa masa hannu.

Na ce, "Kwananta ne ya ƙare. Na yafe maka, duniya da lahira. Ba na bin ka komai. Gobe ka je ka nemi mota, yaranka su ci abinci."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu, yana ta cewa "Malam, Malam." Na ɗebo masa ruwa a moɗa ya sha, ya wanke fuska, ya sa hularsa ya nufi tashar mota.