Ranar da Inna Ta Dubi Fuskata

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wa ƙannena gona a Jiratawa, ni kuwa ya bar mini hanci. Abokaina a kasuwar hatsi ta Maraɗi cewa suke hancina kan riga ni yin sallama. Ban taɓa jin haushi ba, dogon hanci ai ado ne.

Sai na faɗo daga kan kabu-kabu a hanyar Tsibiri. Guringuntsin hancin ya warke a karkace, tsinin ya ƙara turowa gaba, ƙofa ɗaya ta toshe. Numfashi sai ta baki. In na yi sujada hanci ya tokare ƙasa, goshi ya tsaya a sama, ga zafi har ƙwalla. Likita ya ce zai rage tsinin ya buɗe hanya, amma in sani kamannina za su ɗan sauya.

Wannan ce ta tsaya mini a rai. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa mai alkunya ce irin ta mutanen da: ba ta kama sunana, ba ta duban fuskata, magana ma sai ta bi ta bakin ƙanwata. Amma ƙanwar ta taɓa tsegunta mini cewa in na juya gefe Inna kan saci kallon hancin nan, don shi kaɗai ya rage mata na mijinta. Da wane ido zan kai shi a yanke?

Na je Jiratawa na durƙusa na faɗa mata. Ba ta fasa tankaɗe ba. Ta ce wa ƙanwata, "Hwaɗa ma wancan, wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya bukatar hanci. Shi tahi a yi mai aikin."

Aka yi. Likitan nan, Allah ya saka masa da alheri, hannunsa da sauƙi. Ranar da goshina ya sake taɓa tabarma na daɗe ban ɗago ba, godiya kawai nake.

Da kumburi ya sauka na koma gaishe ta, kaina a ƙasa. Sai na ji ta ajiye rariya. Na ɗago, muka haɗa ido, ba ta kauda kai ba. Ga ni da furfura a gemu, ban taɓa ganin haka ba.

"Kana shan iska yanzu?" Ni ta tambaya, ba ƙanwata ba.

"Ina sha, Inna."

Ta ƙara dubana, ta daɗe. "To, alhamdu lillahi. Ashe idanunka irin nawa ne."