Gida Mai Wurin Juya Tirela

Na-Hanya ya sayi gidansa bai ko ɗaga kai ya dubi rufin ba. Ba sharri ake masa ba, shi ma ba ya musu. Ranar da dillali ya kai shi ƙauyen da gidan yake, mutumin sai zuba yake yi: ga ɗakuna, ga rijiya, ga inuwar mangwaro. Shi kuwa gogan naka yana tsaye yana auna faɗin ƙofa da ido. Ya shiga farfajiya, ya taka daga wannan bango zuwa wancan, sannan ya dawo da baya yana waiwaye kamar mai ribas.

"Tirela za ta juya a nan ba wahala," in ji shi.

Dillali bai ga abin da ya haɗa tirela da gidan zama ba, amma ya san idon mai saye in ya faɗa. Ya ce, "Ai har biyu ma, Malam." Aka yi ciniki.

Abin dariyar shi ne ba shi da tirelar. Tun yana saurayi yake jan ta kamfani, har furfura ta cinye masa kai, gwiwar da ke taka kuloci ta fara ƙara, aka karɓi makulli aka sallame shi da godiya. Sunansa na yanka ma ya ɓace a tashoshi. 'Ya'yansa sun fi sanin ƙarar hon ɗinsa da muryarsa.

Matarsa ce ta matsa a sayi gida, kuma ita ta ce a ƙauye, nesa da kwalta. Ta gaji da ɗakunan haya a bayan gareji, inda ko ƙusa za ta kafa sai ta nemi izinin mai gida. Ranar da suka tare, kafin a kwance ƙullin kaya, ta zaunar da shi a kan buhun tukwane.

"Malam, magana ɗaya zan yi, ba zan maimaita ba. Na yi jiran da zan yi a duniya. Nan na zo in zauna da mutum ne. Duk ranar da ka sake riƙe sitiyari, ni kuma sai gidan Auta."

Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, tana aure a birni. Na-Hanya ya yi dariya, ya ce wa zai ba tsoho mota? Ita ba ta yi dariya ba.

Ita dai gida ya karɓe ta. A makon farko ta sayi ƙusoshi ta bi bango tana kafawa, har inda babu abin ratayawa, don kawai ba mai hana ta. Ta kawo kaji, ta shuka tumatir a gefen rijiya, ta ƙulla ƙawance da maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai awaki. Har ƙiba ta fara yi.

Shi kuwa kullum kamar wanda ya zauna a kan ƙaya. Da sassafe zai fito ya zagaya farfajiya, ya rasa abin dubawa, ya ƙare da taɓa tayar baro da ƙafa ya ji ko da iska. Abinci a tsaye yake ci. Takalmansa kullum bakinsu na kallon ƙofa. An ba shi aron 'yar gona a bayan gida, ya yi kunya biyu ya jingine fartanya, wai ƙasa ba ta tafiya. Sai ya kama hanya a ƙafa, ya bi burjin da ya fita daga ƙauyen har inda ya haɗu da kwalta, ya zauna a kan dutse yana kallon manyan motoci. Daga nesa yake gane wadda aka cika wa lodi da wadda direbanta ke jin barci. In wani ya sa giya ba daidai ba, sai ya ja tsaki kamar shi aka zaga.

Mutanen ƙauye ba su ƙi shi ba, tsokanarsa dai suke yi. In ya zauna a majalisa, mai shayi kan ce, "Baba Direba, a zuba ne ko yanzu za a tashi?" Ya ce a zuba. Kafin shayin ya huce ya miƙe. Shi kansa abin yana damunsa, don yana son matarsa, yana kuma jin kunyar irin kallon da take masa in ya dawo da ƙura har gwiwa. Amma sabo turken wawa.

Ruwan farko da aka yi, rufin da bai duba ba ya rama. Suka jera bokiti da kwanoni a tsakar ɗaki. Matarsa ta ce, "Ka ga gidan da ka zaɓa mana. Sai dai mu koma farfajiya, tunda ita ka saya." Ya yi alkawarin hawa ya gyara. Ya ari tsani, ya jingine shi da bango, tsanin ya kwana nan har kaji suka mai da shi wurin hawa.

Cikin damina wata gada ta karye a babbar hanya, aka karkato da motoci ta kusa da su. Direbobi kuwa ba sa riƙe labari. Nan da nan aka ji cewa Na-Hanya yana da farfajiyar da tirela ke juyawa. Wata ranar da yamma sai ga Dogo, tsohon abokin tafiyarsa, ya danno kan mota ta ƙofar nan mai faɗi, ɗauke da siminti. Ta shige ba ta taɓa ko'ina ba. Na-Hanya ya dubi matarsa yana washe baki, a nufinsa ta ga amfanin abin da ya saya. Ta dubi tumatirinta da hayaƙin salansar motar ya turnuƙe, ta koma ɗaki. Duk da haka ta girka wa baƙo abinci, ta shimfiɗa masa tabarma.

Aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye burjin ya zama taɓo. Dogo ya taka ya dubo, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ni fa ɗan kwalta ne, ka sani. In na shiga wancan kwarin da wannan lodi, sai dai a zo da wata motar a ja ni. Kai ne ka san taɓo."

Na-Hanya ya miƙe zumbur kamar yaro. Ya leƙa madafa, matarsa tana tankaɗe.

"Maman Auta, fitar masa da ita kawai zan yi. Bakin kwalta. Yanzu zan dawo."

Ba ta ɗago ba. "Ka ji abin da na ce ranar da muka zo."

"Haba, wannan ai ba tuƙi ba ne, taimako ne."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya hau. Kujerar ta karɓe shi kamar jiya ya sauka. Ya juya tirelar a farfajiyarsa, tsaf, ba ko ribas na biyu, ya fita. A kwarin ya sa babbar giya ya bar ta tana tafiya a hankali, bai taɓa birki ba, bodin yana rawa a baya, taɓo yana fallatsa har madubi. Dogo yana ta salati a gefe. Suka haye. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun ranar da aka karɓi makullinsa, kuma gwiwar ma ta manta da ciwo.

Ga kwalta, baƙa wuluk, ruwa ya wanke ta. Nan ya kamata ya taka birki ya sauka. Ya ga dutsen da yake zama a kai ya wuce ta gefen taga. Ya ce wa Dogo bari ya kai ta gangaren can, akwai santsi. Bayan gangaren akwai kwana. Bayan kwanar kuma Dogo ya riga ya yi barci, ai ba a tashin mai barci. Bai farga ba sai da ya ga fitilun garin da za a sauke simintin.

Washegari da rana ya dawo a bayan babur, riƙe da ledar atamfa da ya saya mata, yana ta shirya maganar da zai fara da ita. Ya tarar da ƙofar ɗaki da kwaɗo. An share farfajiya, amma sawun tayoyin yana nan, ya bi ta kan tumatirin. Shi bai ma lura ya taka su ba.

Tsohuwa mai awaki ta leƙo ta katanga ta miƙo masa makulli.

"Ta bi motar kasuwa da safe. Ta ce abincinka na cikin kula, kajin kuma a ba su ruwa."

"Iya, ba ta ce yaushe za ta dawo ba?"

"Ta ce in ka tambaya, in gaya maka abin da kai kake gaya mata."

"Me ke nan?"

"Wai sai yadda hanya ta yi."

Ya tsaya riƙe da makulli da leda. Kalmarsa ce, ya faɗe ta a bakin ƙofofin haya ba adadi, da jaka a kafaɗa, bai taɓa tsayawa ya ji nauyinta ba. Ya buɗe ɗaki ya leƙa, ya kasa shiga. Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofar gida. Can wajen la'asar ya jiyo ƙarar ƙaramar mota daga nesa, ya miƙe tsaye. Ya san ba injin motar kasuwa ba ne, kunnensa ba ya kuskure, amma bai zauna ba sai da ƙarar ta ɓace.