Malam Sale, Mutumin da Ya Hana Tuta Naɗewa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar abokina Malam Sale. Tsufa ya rage mini gani, ya rage mini ji, sunayen jikokina ma sai na yi ta laluben su, amma safiyar da ya rasu tana nan a idona yadda take, ko kusurwa ɗaya ba ta goge ba. Waɗanda suka yi firamare a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a wancan zamani ba su cika sanin sa da Sale ba. Malam Mai Tuta suke ce masa, kuma ga yadda sunan ya samo asali.

Tare muka gama makarantar horon malamai, aka tura mu wata elemantare a Birnin Kudu a shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Ranar bikin an kafa doguwar gora a tsakiyar fili, an shafe ta da farar ƙasa. Yara sun jeru, mutanen ƙauyuka sun cika wurin, wakilin hakimi yana zaune a inuwa. Hedimasta ya ja igiya, sabuwar tuta ta hau sama ta buɗe. Kafin a gama tafi, iskar ƙarshen damina ta juya, ta naɗe ta tam a jikin gorar. Hedimasta ya girgiza igiya, abin ya ƙara cukurkuɗewa. Haka muka rera sabon taken ƙasa muna kallon wani abu kamar tsumman da aka ɗaure wa yatsa mai ciwo.

Wakilin hakimi ya dubi hedimasta ya ce, "Malam, amaryar taku kunya take ji ne?" Aka kwashe da dariya, har da ni. Sale bai yi ba. A hanyarmu ta komawa gida ya ce mini, "Idi, mutanen nan tun asuba suka taso don su ga tutar ƙasarsu, ga shi za su koma gida ba su san launinta ba." Na ce ai iska ce, wa ya isa ya hana ta? Ya ce, "Wa ya ce a hana ta? Sanda ce take tsaye ƙiƙam tana gardama da ita. A bar tutar ta bi ta mana."

Na ɗauka magana ce ta ɓacin rai, gobe za ta wuce. Ashe ban gama sanin abokina ba. Ya sami wani maƙeri a Kiyako mai suna Ɗanjuma, mutum mai haƙuri da son sabon abu, suka shiga gwaji duk ranar da babu makaranta. Da farko sun zura wa sandar zobba biyu na ƙarfe masu sako-sako, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suka ɗaura tutar a jikinsu. Ta yi ta juyawa lafiya har ruwa ya sauka, zobban suka yi tsatsa suka cije. Suka shafa musu man gyaɗa, tururuwa suka yi layi har ƙololuwa. Da aka gyara wannan kuma sai igiyar hawa da sauka ta zama matsala, domin tutar tana zagayawa ita kuma igiyar tana ɗaure wuri ɗaya, sai ta murɗe.

Wata rana na je gidansa na tarar da kekensa a jingine babu ƙafar gaba. Matarsa Hajara ta leƙo daga zaure tana dariya ta ce, "Malam Idi, ka zo ka yi wa abokinka magana. Yau keke ya yanka, ban san wa zai bi baya ba." Cibiyar ƙafar keken ya cire, da boris ɗinta, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da suke sa ta juyawa. Ɗanjuma ya ɗora ta a kan bututun ƙarfe ta zama kan sanda mai juyawa, ya maƙala mata 'yar ƙaramar taya da igiya za ta bi ta kai. A ƙasa kuma suka sa zobe mai sako-sako inda ake ɗaure bakin igiyar. Saboda haka kan sandar da igiyar da tutar duk tare suke zagayawa, duk inda iska ta nufa can suke fuskanta. A kusurwar tutar ta ƙasa suka rataya ɗan guntun darma don ta miƙe. Ranar da aka gwada, iska ta yi ta sauya hanya tun hantsi har la'asar, tutar ba ta taɓa sandar ba. Sale ya yi wata da watanni yana zuwa makaranta a ƙasa, kuma ban taɓa ganin mai tafiyar ƙasa da fara'a irin tasa ba.

Da kuɗin mai suka shigo, aka ce kowane yaro ya tafi makaranta. Firamare ta yi ta tsirowa a ƙauyukan da ko allo ba su taɓa gani ba sai na Alƙur'ani. Wata a ƙarƙashin tsamiya ake karatu, babu benci babu rufi, amma kowace tana son tuta. Aiken hedimastoci ya yi ta zuwa daga Surko, daga Unguwar Ya, daga can ƙasar Gwaram. Sale ba ya cewa a'a. A kawo bututu da tsohuwar ƙafar keke, shi da Ɗanjuma su zo ranar Asabar su kafa, a ci tuwo a watse. A lokacin an mayar da mu biyun aiki ƙasar Gwaram, shi hedimasta, ni mataimakinsa.

A garin da muke, an kafa falwaya an ja wayoyi tun farkon bazara, ɗaya ta ratsa ta gefen filin makarantarmu. Watanni suka shuɗe babu wuta. Tsuntsaye suna sauka a kan wayoyin, mata suna shanya a jikin wayar da ta riƙe falwayar, har an fara yi wa abin waƙar zolaya. Kowa ya san wayoyin nan fanko ne. Da bikin tunawa da 'yanci ya matso, Sale ya ce makarantarsa ce ya kamata ta fi kowace doguwar sanda. Suka haɗa bututu biyu, aka haƙa rami, aka sa safiyar da za a tayar.

An yi ruwa da asuba, ƙasa jiƙe take. Sale ya kori yara can bakin aji, ya ce kada wanda ya matso. Ni da malamai uku muka riƙe igiyoyin rama ta gefe biyu, shi da Ɗanjuma suka rungumi gindin ƙarfen suna saita shi cikin rami. Sandar ta tashi a hankali, ta kusa miƙewa, sai ta ɗan karkata wajen waya. Sale ya ɗaga murya yana dariya, "Idi, ja naka! Ko ba ka karya ba ne?"

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Na ji wata ƙara kamar an yaga sabon ƙyalle a cikin kunnena, na ga shuɗin haske a saman sandar. Ɗanjuma ya yi sama ya faɗi can gefe. Sale kuwa bai faɗi ba. Yana tsaye rungume da ƙarfen, kansa a sunkuye kamar mai sauraron wani abu a cikin bututun. Na yi ta kiran sunansa. Na saki igiya zan ruga wurinsa, wani malami ya cafke ni ta baya ya kayar da ni, yana ihu, "Wuta ce! Wuta ce!" Ni kuwa ina ta ce masa wace wuta, ai babu wuta a garin nan. Sakin igiyar da muka yi ne ya sa sandar ta rabu da wayar ta kife, sannan Sale ya sulale ƙasa. Takalminsa na roba ɗaya ya narke. Fuskarsa kuwa babu ko tabo.

Daga baya aka ce a safiyar nan aka saki wutar don gwaji. Babu wanda ya aiko, babu shela, mai gari ma bai sani ba. Har yau ban san hannun da ya ɗaga makunnin ba, kuma na san shi ma bai san akwai wani Sale a duniya ba.

Ni aka tura wurin Hajara. Na yi sallama, ta fito goye da autarsu Binta, hannunta duk ƙullu. Ta ce, "Malam Idi, har kun gama? Ina shi? Ya ce in ajiye masa koko." Ta dubi rigata da ta ɓaci da laka, ta dubi ƙafata babu takalmi. Ta ce, "Faɗowa ya yi?" Na ce lantarki ne. Ta ce, "Malam Idi, babu lantarki a garin nan." Sau uku tana maimaitawa, a natse, kamar tana gyara wa ɗalibi kuskure. Sai da ta hango mutane ɗauke da shi a kan ƙyauren aji sannan ta zauna a ƙasa inda take.

Bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Da magariba muna zaune a ƙofar gidansa ana karɓar gaisuwa, sai ƙwan lantarkin bakin kasuwa ya kama, na ƙofar masallaci ya kama, ɗaya bayan ɗaya. Daga unguwannin da labari bai kai ba muka jiyo guɗa da ihun yara. Garin da ya yi watanni yana jira ya ga haske. Mu kuwa muna zaune a kan tabarma muna kallon juna, a karon farko muna ganin fuskokinmu sarai bayan faɗuwar rana. Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ɗanjuma ya rayu, amma tafukan hannunsa sun ƙone, bai sake riƙe guduma ba. Ya ƙarasa rayuwarsa yana zaune a maƙera yana nuna wa 'ya'yansa aiki da baki.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da ya leƙo yau. Tutoci sun fi na zamaninsa yawa nesa ba kusa ba, a gidan mai, a ofishin jam'iyya, a ƙofar makarantun kuɗi, mafi yawansu a naɗe, a koɗe, bakinsu a yage, kuma ba wanda yake ɗaga kai. Bara na ga wata sanda mai sheƙi a ƙofar wani sabon gini a Dutse, kanta yana juyawa da iska. Na tsaya na tambaya, aka ce mini sabuwar fasaha ce, daga waje aka kawo ta. Sai da na nemi wuri na zauna. Na kuma koma garin da ya rasu. Falwayoyin suna nan, amma an kwashe wayoyin, an ce an yi shekaru ba a ga wuta ba. Abin da ya ɗauke mini aboki cikin ƙiftawar ido bai ma zauna a garin ba. Sandunansa kuwa, a makaranta bayan makaranta, sai dai a nuna mini dunƙulen siminti da guntun ƙarfe inda 'yan gwangwan masu neman tsohon ƙarfe suka yanke.

Binta ce ta sa na yi wannan rubutu. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, da 'ya'yanta manya, mahaifiyarta kuma ta riga mu gidan gaskiya. Da azumin da ya wuce ta zo gaishe ni ta ce, "Baba, duk wanda na tambaya labarin mahaifina, yadda ya mutu yake ba ni. Babu wanda ya taɓa nuna mini abin da ya yi." Na sa aka yi ta cigiya, har ɗan Ɗanjuma na fari, wanda yake walda a Gwaram, ya aiko cewa akwai sandar Sale guda ɗaya da ta rage a wani ƙauye ta wajen Surko, shi da kansa ya taɓa sauke ta ya sake mata boris.

Muka je bayan salla. Makarantar aji biyu ce, rufin ɗaya ya yaye. Sandar tana tsakiyar fili, ta yi baƙi, ta ɗan ranƙwafa. Malamin da muka tarar saurayi ne, bai taɓa jin sunan Sale ba, abin da ya sani kawai shi ne tutarsu ba ta ba su wahala. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska tana kaɗawa ta nan ta koma ta can, tutar tana bin ta a buɗe, kore da fari da kore. Binta ta daɗe tana kallo. Sai ta taka ta nufi sandar ta miƙa hannu. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, "Binta, kar ki taɓa!" Ta waiwayo ta ce, "Baba, duba sama, babu waya." Ta ɗora tafinta a kan ƙarfen, ta rufe ido. Can ta ce, "Zo ka ji. Ana jin juyawarsa har nan ƙasa."

Shekara arba'in ban taɓa sandar tuta ba. Na matsa, na ɗora hannuna kusa da nata. Ƙarfen yana da ɗumin rana, kuma a cikinsa akwai wata 'yar rawa siririya, duk lokacin da iska ta sauya sai ta ratso har tafin hannu.

Babu titi da sunan Malam Sale, babu aji, hotonsa ma guda ɗaya ne kuma ya dushe. Abin da ya bari shi ne wannan: yaran wani ƙauye da suke fitowa kowace safiya su ga tutar ƙasarsu a buɗe, suna zaton haka kowace tuta take. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Hajara da Ɗanjuma a inuwar rahama, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.