Kunyar 'Yar Fari a Ɗakin Haihuwa

Ko da tsufa zai ɗauke mini komai, ranar da 'yata ta fari ta haihu ba za ta fita daga raina ba.

A gidanmu a Argungu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Haka na taso na gani, haka na yi. Tun da aka yaye ta, a ɗakin kakarta ta girma. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ce mini "Yaya". Amma mun san juna. Idan na soya kifi da yamma, nakan ware mata kai in rufe da faifai, in ce wa ƙannenta na mage ne. Ta zo ta ɗauke tana dariya, ta ce, "Yaya, wagga mage taku akwai sa'a." Har yau nakan ji dariyar nan idan mai ya yi zafi a kasko.

Naƙuda ta kama ta da hantsi, lokacin yankan shinkafa, maza duk suna fadama. Ni da uwar mijinta muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Kafin azahar ta haifi namiji lafiya. Ungozoma ɗaya ce a bakin aiki, ga wasu mata uku a kan gwiwa, sai ta gyara ta, ta kwantar da ita, ta koma kansu.

Na shiga da ruwan zafi, na ga zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe, leɓenta ya yi fari. Haihuwata bakwai, na san jinin biƙi, na san wannan ya wuce shi. Na ce, "Ke, lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya lau, Yaya, barci kawai nika ji." Ita ma dauriya aka koya mata. Uwar mijinta na gefe da jinjiri a cinya tana tsokanarsa, wai angonta ya iso ba ko goro. Na ji nauyin ɗaga murya a kan 'yar fari a gaban suruka. Sai na fita baranda na zauna, ina jiran wani ya lura.

Da ungozomar ta dawo ta ɗaga zanin, ta dube ni ta ce, "Mama, tun yaushe? Mi ya hana ku kira ni?" Ta yi mata allura, ta danna mara, ta ɗaura ruwa. Jini ake buƙata, asibitin ba shi da ajiya, waya kuma ba ta shiga fadama balle a kira maza su ba da nasu. Aka sa mu a mota zuwa Birnin Kebbi, kanta a cinyata, karo na farko tun yaye. Can suka karɓe ta da sauri. Ana cikin gwada jinina ta cika, daf da la'asar.

Na yarda kwananta ne ya ƙare, Allah ya jiƙanta. Amma na san lokacin da na ɓata a barandar nan. Yanzu duk wadda za ta haihu a unguwarmu nakan raka ta, in zauna a bakin gado, in riƙa duba zani, idan na ga abin da bai kwanta mini ba in tashi in kira. Kunya tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai na koyi cewa idan mai jego tana zubar da jini, wanda ya fara gani shi ne zai fara magana, ko da uwa ce.