Kujerun da Muka Jera Ba Wanda Ya Zauna

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni mace ce mai ji da kanta, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana aiki a wata ƙasar Larabawa tare da maigidanta, irin matan nan da ba sa tambayar mutum sai dai su tambayi waya. A Kaduna na tashi, a kwatas ɗin ma'aikata inda kowa ke rufe ƙofarsa, Kano kuwa ban santa ba sai in biki ya kawo ni. Maigidana ne Bakano, asalinsu Barebari ne da suka daɗe a cikin birni har Barbarcin ya bar bakinsu. 'Yarmu ɗaya tal, tana da shekara tara muka yanke shawarar ni da ita mu dawo gida, shi ya ci gaba da aikinsa yana zuwa mana hutu. Dalilin dawowar bai wuce ɗaya ba. Yarinya ta taso a bene ba ta da kowa sai mu biyu, muna so ta samu ƙawaye da mutane nata.

Maigida ya shimfiɗa mini zaɓi biyu. Ko dai mu kama haya a bayan gari kusa da makarantar da nake so, ko kuma mu zauna a gidan da ya gada a Gwale, a sa yarinya a makarantar da 'yan unguwa ke zuwa. Ni kuwa na ce duka biyun nake so. Ina son tarbiyyar cikin birni, ina kuma son makarantar nan mai manhajar Turawa da na gani a waya, mai wurin ninkaya da ɗakin karatu, inda 'ya'yan Indiyawa da Labanawa da na manyan gari suke. Ya ce mini taura biyu ba ta taunuwa, na ce masa ni haƙorana ƙalau suke. A taswirar waya, tsakanin gidan da makarantar bai fi tsawon ɗan yatsana ba, don haka na biya kuɗin makaranta tun kafin in sa ƙafa a Kano. Danginsa duk sun watse zuwa sababbin unguwanni, ba wanda na nemi shawararsa.

Da muka iso na sa aka gyara gidan, aka ɗora bene, aka sa ƙofar ƙarfe, na ɗauki maigadi a lungun da babu gidan da ya taɓa sanin maigadi. Mata sun shigo yi mana sannu da zuwa, wannan da kwanon dambu, waccan da fura, na karɓe su a tsaye ina duban agogo saboda na fara aiki a wani asibitin kuɗi. Ban rama ziyarar ko ɗaya ba. An yi suna ban leƙa ba, an yi rasuwa na aika mai aikina da saƙon gaisuwa. Akwai wata dattijuwa da gidanta ke kallon namu, kowa Hajiya yake ce mata, ta taɓa tare ni a ƙofa ta ce ita ta goyi maigidana yana jariri, in riƙa turo mata jikarta ta gan ta. Na amsa da in sha Allahu irin wanda ba ya zuwa ko'ina.

Rayuwar yarinyar kuwa ta koma kan hanya. Mota ba ta shiga lungunmu, sai dai ta tsaya a bakin titi. Kullum gari bai gama wayewa ba direba zai riƙe mata jaka su taka, ita da ɗan siket da doguwar safa, 'yan matan unguwa da hijabansu suna kallonta. Su keta birni, su fita ta Ƙofar Mata cikin cunkoson 'yan adaidaita, tana gyangyaɗi a bayan mota. Lokacin da za ta dawo yaran unguwa sun tafi islamiyya, lokacin da za su dawo ita tana kan aikin gida. Hatta hutunsu ba ya haɗuwa. A makaranta 'yar cikin gari ake ce mata, a lungu kuma Baturiya. Da yamma takan tsaya a tagar bene tana kallon 'yan mata suna carafke da 'yar gala-gala. Ta sha roƙona in bar ta ta sauka, in ce ga ƙura ga kwata, ta bari sai Hausarta ta nuna. Ban tsaya na tambayi kaina a ina Hausar za ta nuna ba. Ni kaina kaɗaici ya dame ni, in dawo aiki in zauna ina jin hirar maƙwabta ta kan katanga kamar mai sauraron rediyo, amma girman kai ya hana ni faɗa ko da wa mijina.

Da za ta cika shekara goma ta roƙe ni a yi mata bikin ranar haihuwa kamar yadda 'yan ajinsu ke yi. Na ga hanya ta samu, a raina na ce daga ranar za ta yi ƙawaye. Na buga katuna masu kyau ta raba wa 'yan ajinsu kaf. Na yi hayar kujeru da rumfa, aka cika tsakar gida da balan-balan, aka soya kaji, aka dafa shinkafa, ga kek mai hawa biyu da sunanta a kai. Da Hajiya ta ga ana shiga da kujeru ta aiko tana tambaya ko walima ce a zo a taya aiki, na ce a gaya mata 'yar hidima ce ta 'yan makaranta. Sannan na ja wa maigadi kunne cewa kada ya bar kowa ya shigo sai mai kati. A inda na fito haka ake yi, ban ga laifin abin ba ko kaɗan.

Ranar Asabar ce. Tun azahar yarinya ta sa sabuwar riga ta zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Da kiɗa ya tashi yaran lungu suka taru suna leƙe, ina jin maigadi yana daka musu tsawa har da ɗaga sanda, ban hana shi ba. Daga nan waya ta fara ƙara. Wata uwa ta ce direbansu ya yi ta zagaye bai gane kwatance ba sun juya. Wata ta ce ba ta ga inda za ta ajiye mota hankali kwance ba. Wata kuma ta tambaye ni, cikin ladabi mai ciwo, ko cikin gari lafiya yake da yara. Mota ɗaya ce ta iso bakin titi, matar da ke ciki ta leƙa lungun, ta ba direbanta kyauta ya miƙo, suka wuce. Duk motsin da ƙofa ta yi sai 'yata ta miƙe ta gyara riga. Aka kira la'asar, shinkafa ta huce, zafin rana ya fara fasa balan-balan ɗaya bayan ɗaya.

Da na ga ba sarki sai Allah, na ce wa maigadi ya je ya kira yaran da ya kora. Ya dawo ya ce lungu wayam, iyaye sun kira 'ya'yansu gida. Sai na yafa mayafi na shiga gidan Hajiya, shigata ta farko ke nan. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta sa aka kawo ruwa, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo kamar ba ta san abin da ya kawo ni ba. Da na faɗa, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a unguwar nan ba a san kati ba, hayaƙin tukunya shi ne gayyata, kuma da an bar ƙofa a buɗe da yanzu ana neman inda za a sa ƙafa an rasa. Amma yaron da aka kora da sanda uwarsa tana ji, ba za ta sake tura shi ya cike gurbin waɗanda suka ƙi zuwa ba. Ta ce in aiko da abincin za a ci, abinci ba shi da laifi. Haka kuloli suka yi ta fita gida-gida, amma ko yaro ɗaya bai shigo ba. Ni da mai aiki da maigadi muka tsaya mata ta yanka kek, babanta yana tafi ta waya. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar ta daina tsayawa a taga, ta daina roƙon a bar ta ta sauka. Da shekarar karatu ta ƙare ta ce wa babanta ya zo ya ɗauke ta, a can ko ba komai akwai wata 'yar Sudan a benensu da suke wasa. Ya zo ya tafi da ita wurin ƙanwarsa da ba ta daɗe da yin aure a can ba, bai ce mini ai na gaya miki ba, ni kuma aiki ya riƙe ni. Na sallami maigadi, na fara shiga gidaje, dubiya da barka da gaisuwar mutuwa, mutane kuma suka karɓe ni kamar ban taɓa yi musu komai ba. A irin wannan shiga ne wata mata ta gidan kan kwana ta ba ni labari tana dariya, ba da nufin ta ɓata mini rai ba. Ta ce ranar bikin nan 'yarta ta matsa mata sai da suka yi tuwon madara, ta ƙulla a leda, ta sa kayanta na Sallah, ta ce za ta kai wa Baturiya. Ita ce ta farko da sandar maigadi ta tare.

Na kira 'yata a waya na ba ta labarin. Sai ta tambaye ni ko wata mai wushirya ce da ke mata murmushi kullum da safe in za ta wuce. Na ce ita ce. Ta ce ai ta daɗe tana bitar gaisuwar da za ta yi mata da Hausa, tana jira in ba ta izinin sauka. Ta tambayi sunanta, na faɗa mata. Ta maimaita shi a hankali, ta miƙa wa babanta wayar.

Abin da na koya shi ne unguwa ba gini ba ce, mutane ce, kuma ba a zaɓenta daga nesa. Ba na cewa makarantar ba ta da kyau, ba na kuma cewa cikin birni ya yi mini laifi. Ni ce na ajiye yarinya a tsakiya, ban bar ta ta zama 'yar ko'ina ba. 'Yan'uwana masu shirin dawowa gida da yara, kafin ku biya kuɗin makaranta ku zo ku taka hanyar da ƙafarku, ku tambayi kanku da wa yaron zai yi wasa in ya dawo. In kun zaɓi cikin gari ku buɗe ƙofa ku rama gaisuwa, in ba za ku iya ba ku zauna kusa da makarantar. Ni yanzu ƙofata a buɗe take wuni, 'yan matan lungu suna cika mini tsakar gida da carafke, har da mai wushiryar. Wadda na dawo Kano dominta ce kawai babu.