Babur ɗin Arvo Bai San Ruwa Ba

A rumfar ajiye jirgin ruwa ta Arvo Tiihonen akwai babur ɗin ruwa da ya shekara arba'in da shida bai taɓa ruwa ba, alhali tsakaninsa da tafkin Saimaa bai fi taku goma ba. Ni Raili, shagona yana bakin gadar katakon ƙauyenmu inda jiragen ruwa ke tsayawa, ina sayar da kofi da fetur da soyayyen kifi, kuma daga tagata nake hango ƙofar rumfar nan tun ina amarya.

Arvo bakanike ne. Duk injin jirgin da ya yi gardama a wannan gefe na tafki, hannunsa yake zuwa, ya saurare shi ya karkata kai, ya ce "to", ya gyara. Wannan "to" ɗin kusan ita ce rabin maganarsa ta yini guda. A 1978 ya dawo daga aikin ƙera jiragen ruwa a ƙasar Sweden da wani dogon akwatin katako a bayan mota. Da aka buɗe sai ga babur ɗin ruwa ƙirar Japan, siriri, ja da fari, irin wanda mutum ɗaya ke hawa a tsaye. Babu wanda ya taɓa ganin irinsa a nan. Har rigar hana nutsewa ya zo da ita a cikin ledarta, launinsu ɗaya.

Ranar da ya so jefa shi a ruwa, matarsa Helmi tana da tsohon ciki. Ta ce ya bari ta haihu tukuna, ba ta son a kira ta bazawara kafin a kira ta uwa. Ya bari. Aka haifi 'yarsu Outi, sai rufin gida ya fara yoyo, kafin ya gama da shi tafki ya daskare. Baɗi ma wani abu ya taso. Daga baya dai rashin hawan ya zama sana'a mai zaman kanta. Duk shekara in ƙanƙara ta narke, sai ya kwance fulogi, ya ɗiga mai a ciki, ya juya injin da hannu, ya goge jikin da tsumma, ya mayar da mayafi. Helmi ta rasu, bai fasa ba.

Kalevi masunci shi ke tsokanarsa a shagona.

"Kai Arvo, yaya amarya? Har yanzu tana lulluɓe?"

"Tana nan."

"Mutum ya auri kifi ya ajiye shi a tudu! Ka ba ni aro mana, in nuna mata gari."

"Kai da ko keke sai an riƙe maka?"

Mu yi dariya, shi ya shanye kofinsa ya tafi. Ni dai abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ina ganin wauta ce mutum ya tsufa yana goge abin da bai san daɗinsa ba. Amma a nan ba a tambayar mutum dalilinsa. Ko ka ga maƙwabcinka yana tona rami a tsakar gidansa cikin ruwan sama, iyakarka ka ce yau an yi ruwa.

Ashe abin da muke wa dariya ya zama dukiya. Masu tara tsofaffin baburan ruwa sun yi yawa a duniya, kuma wanda aka hau ya gaji ba ya gabansu sosai. Wanda bai taɓa jiƙewa ba suke farauta, da akwatinsa da takardunsa. Outi ce ta sa hotonsa a intanet, bayan da ubanta ya faɗi sau biyu a hunturun bara, hannunsa na dama kuma ya fara rawa. Ma'aikaciyar jinya ce a birnin Savonlinna, ta samo masa ɗaki a bene kusa da ita. Kuɗin babur ɗin ne zai saya masa ɗakin. Ba mugunta ta yi ba, tsoro take ji, kuma tana da gaskiya.

Cikin watan Satumba wani Bajamushe mai suna Lutz ya zo. Outi ce ke fassara, ni kuma na kai musu kofi na ƙi tafiya. Mutumin ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa komai. Ya zura wata 'yar kyamara mai waya a cikin bututun hayaƙi, ya daɗe yana kallo, har na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya faɗi kuɗin da ya sa Outi ta zauna a kan bokiti. Sannan ya ɗaga yatsa ya kafa sharaɗi: kada ya ga ruwa, kada a tayar da injin. Minti ɗaya a tafki, rabin kuɗin ya tafi.

Ya nuna mana hoton ɗakin ajiyarsa a waya. Baburan ruwa guda goma sha ɗaya a jere a kan ƙarafa, da na'urar da ke tsotse danshi daga iska dare da rana.

Arvo ya ce, "Tambaye shi wanne yake hawa."

Outi ta tambaya. Lutz ya yi dariya har da dafa ƙirji.

"Baba, ya ce ai ba a hawansu."

Arvo ya ce, "To." Ya daɗe yana kallon hoton nan. Ban so yadda ya kalle shi ba. Aka tsayar da Asabar ta biyu a Oktoba, Lutz zai dawo da ƙaramar tirela.

Daga ranar Arvo ya daina zaman shago. Ina hango ƙofar rumfar a buɗe, abin da ba ya yi sai da bazara. Wata rana na ga ya shimfiɗa katakai biyu daga bakin rumfar zuwa bakin ruwa. Na ce wa kaina ai don tirela ce, ko da yake na san hanyar mota ta ɗaya ɓangaren take. Ganye ya zube, masu gidajen hutu suka rufe suka koma birni, tafkin ya yi baƙi. Ma'aunin da ke rataye a gadata ya nuna sanyin ruwan ya kai digiri shida.

Ranar Juma'a da hantsi ya shigo da jar jarka. Kalevi yana zaune.

"Raili, fetur lita biyar. Da ƙaramar kwalbar man injin da ake gaurayawa da shi."

Kalevi ya ajiye kofinsa. Duk mun san kwale-kwalen Arvo na tuƙin hannu ne, injin saran itacensa kuma na lantarki.

Kalevi ya ce, "Tsoho, gobe fa za ka zama attajiri. Ka tuna da mu."

"Zan tuna."

Na fita na zuba masa. Na san tiyon man da ke cikin abin nan ya girmi 'yata, na san mutumin nan shekararsa saba'in da biyar kuma bai taɓa tsayawa a kan irinsa ba. Lambar Outi tana cikin wayata, wayar tana aljihuna. Da na buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Ruwan ya yi sanyi yau."

Ya ce, "Ya yi."

Ya biya, ya ɗauki jarkarsa. Na koma ciki na goge teburin da yake a goge. Ni da Kalevi ba mu kalli juna ba.

Bayan kamar rabin awa muka ji ƙarar injin. Tari ya fara yi, ya mutu, ya sake, sai ya kama da wani siririn kuka mai kaifi. Muka fito kan gada. Shuɗin hayaƙi ya cika bakin rumfar. Ga Arvo a durƙushe a kan babur ɗin, sanye da jar rigar nan da ya ciro daga ledarta. Ya fita a hankali, yana tangaɗi, ya wuce gabanmu bai waiwayo ba. Da ya kai tsakiyar mashigin ruwa sai ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya miƙe.

Wallahi ya tsaya. Farin gashinsa yana tashi, ruwa yana tsagewa a bayansa. Kalevi ya cire hula yana ihu, "Ka ga ɗan banza! Ka ga ɗan banzan tsoho!" Ni ma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ya yi nisa har ya zama ɗigon ja, ya sha kwana ta bayan tsibirin duwatsu, muka daina ganinsa.

Ƙarar ba ta ɗauke ba, sauka ta yi. Muka jira ya ɓullo ta ɗaya gefen, bai ɓullo ba.

Muka tayar da jirgin Kalevi. A bayan tsibirin muka tarar da babur ɗin yana zagaye a hankali, babu kowa a kai. Haka aka ƙera tsofaffin nan, in mahayi ya faɗi sai su yi ta kewaya wurin har ya kamo su ya hau. Arvo yana tsakiyar da'irar, fuskarsa rabi a ruwa. Da Kalevi ya cafki rigar, sai ta dagargaje a hannunsa, soson cikinta ya zama gari tun da daɗewa. Da ƙyar muka jawo shi ta ɗamara. Yana numfashi, amma bai buɗe ido ba, kuma bai sake buɗewa ba. Ya cika a motar asibiti kafin su kai gari.

Washegari Lutz ya iso da tirelarsa, bai ji labari ba. Da aka gaya masa ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Can ya matso kusa da ni, ya tambaya ƙasa-ƙasa da Turanci ko na san minti nawa injin ya yi yana aiki. Na bar shi a tsaye.

Da yamma Outi ta shigo shago, idanunta a kumbure, ta ajiye jar jarkar a kan teburina.

"Anti Raili, babu fetur a gidan Baba. Na zubar da shi duka tun bara da hannuna. Wa ya ba shi?"

Kalevi ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ni ce."

"Kin san abin da zai yi da shi?"

"Na sani."

"Me kika ce masa?"

Na gaya mata abin da na ce. Ta tsaya tana kallona tana jiran sauran, amma babu saura.