Amsar da Na Hana Kaka a Managil

Ƙarfe bakwai da kwata na yamma ne, rana ta biyu ta Babbar Sallah, a tsakar gidan Baffa Isa a Managil, garin da Larabci ake yi. Na san lokacin domin rediyonsa ya faɗa. Waɗanda ke wurin su ne: Kaka Ige, uwar mahaifina, Baffa Isa, ƙanen mahaifina, 'ya'yansa biyu, Amal mai shekara shida da Salah mai huɗu, wani maƙwabcinsa Balarabe da ya shigo shan gahawa, sai ni, Haruna, ina da shekara tara. Mahaifina yana masallaci.

Daga ƙauyenmu na Hausawa kusa da garin Haj Abdalla muka zo a bayan lori. Kaka ba ta taɓa ganin waɗannan jikokin ba. Wata guda ta yi tana shiri. Ta daka dakuwa, ta ƙulle a tsumma, ta kuma zaɓi tatsuniyar da za ta yi musu. Ko ni ta ƙi faɗa mini wacce ce.

Dole in bayyana ƙa'idarta. A gida, idan an ci tuwo an zauna bakin murhu, Kaka takan ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba ta ƙara kalma ɗaya sai yara sun amsa, "Ta zo mu ji ta." Ta ce tatsuniya baƙuwa ce, ba ta shiga gidan da ba a amsa mata sallama ba. Kullum ni ke fara amsawa, da ƙarfi.

Abu biyu sun faru kafin wannan yamma. Na ɗaya, muna sauka Baffa ya ja ni gefe ya ce, "Nan ba a Hausa gaban mutane. Ka ji ni?" Yana neman takardar zama ɗan ƙasa a lokacin, kuma maƙwabta ba su san asalinsa ba. Na biyu, da rana na kira Kaka da Hausa, Amal ta kwaikwayi bakina, yaran layi suka yi ta dariya suna ce mini Fallati, sunan raini da Larabawan wurin ke kiran irinmu da shi.

To, ana gasa sauran naman layya a kan garwashi, Kaka ta gyara zama, ta jawo Salah jikinta, ta buɗe tatsuniya. Yaran ba su san amsar ba. Ba laifinsu ba ne.

Ta sake faɗa. Maƙwabcin ya tambayi Baffa da Larabci me tsohuwar ke cewa. Baffa ya ce, "Waƙar mutanen ƙauye ce, ya Haj. Tsohuwa ce da ta rene mu."

Kaka tana jin Larabcin kasuwa. Ta ji. Ba ta dubi Baffa ba, ni ta duba.

"Haruna, mi ya kama bakinka? Koya ma ƙannenka."

Na dubi Amal. Na dubi Baffa. Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da tsinke.

Ta faɗa karo na uku, ta jira. Sannan ta amsa wa kanta, a hankali, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta ci gaba.

Wata zabuwa ce, in ji ta, ta sauka da 'ya'yanta cikin garin kaji. Ɗaya daga cikinsu ya tsani zanen jikinsa, ya yi ta birgima cikin toka har ya saje da 'yan tsaki. Ran nan shaho ya keto. Uwar ta yi kira, waɗanda suka amsa ta tura su ƙarƙashin rumbu. Shi kuwa ya ji, amma ya yi shiru kada kaji su gane shi. Ni na zata shi shaho zai ɗauka. A'a. Uwar ce ta tsaya a fili tana kira, tana kira, ta ƙi ɓuya sai lissafinta ya cika.

"Ita shaho ya ɗauka," in ji Kaka. "Shi ko ɗan nan ya girma, ya yi ƙiba, babu wanda ya taɓa shi."

Salah ya riga ya zame daga jikinta. Maƙwabcin ya yaba gahawa. Da safe na ga ƙullin dakuwar a kan taga, tururuwa sun rufe shi.

Kaka ta ƙara shekara shida a duniya. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ambaci Managil ba. Amma ba ta sake buɗe tatsuniya ba, ko ƙannena sun roƙe ta. Sai ta ce haƙoranta sun zube, maganar ba ta fita.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan Baffa. Shi yana da takarda da yake tsoron rasawa. Ni me nake tsoro? Dariyar yarinya 'yar shekara shida. Tun a gida Kaka ta zaɓi tatsuniyar, domin ta san ɗanta. Ni ne ba ta zata ba.

Yanzu jikokina suna ce mini jiddu, wato kaka da Larabci. Na gwada buɗe musu tatsuniya bara da Sallah, sau uku, kamar yadda ta yi. Suka dube ni da ladabi suna jira in fassara.

Kai mai karanta wannan, abu ɗaya nake roƙonka. Idan tsohuwa ta buɗe tatsuniya kana wurin, amsa mata da ƙarfi, kafin ka dubi fuskar kowa.